Ni da Kekena a Wagadugu

Jandarman da ya tare motarmu a Gaya bai ko dubi takarduna ba. Kekena ya hango ɗaure a saman mota, ya ce a sauko masa da shi.

"Wanga na wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

Ya zagaya shi, ya matsa tayar da babban yatsa, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Taya kamar igiyar guga, ita za ta ɗauki ƙato irinka? Saida shi za ka yi, kuma ba ka da takarda."

Na ce masa ni malamin gona ne daga Zuru, kwas na wata shida za ni Wagadugu a kan noman rani da adana albasa, keken kuwa ba na kwana biyu ban hau shi ba. Ya ce to bari ya gwada da kansa. Na gaya masa fedar tana da maɗauri na fata, in ƙafa ta shiga sai an san yadda ake zare ta. Bai saurare ni ba. Ya zura takalmansa, ya yi gaba yana tangaɗi, ya juyo, ya ja birki a gabanmu, ƙafa ta ƙi fita. A hankali ya kife gefe guda kamar buhun dawa. Fasinjoji kowa ya sunkuyar da kai yana haɗiye dariya. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, sai shi ya fara fashewa da ita.

"Ɗauki abinka ka tafi, malam. Wanda ya iya zama bisa wanga abu ba ɗan kasuwa ba ne."

Sunana Ishaya. Shekaruna talatin da bakwai a lokacin, ina da mata, Saratu, da 'ya'ya uku. Mahaifina tsohon soja ne, kamar iyayen yawancin waɗanda na tashi tare da su, kuma tun muna ƙanana kafin a tafi gona sai ya kora mu mun hau dutsen bayan gidanmu da gudu mun sauko. Da na fara aikin gona babu babur, sai baƙin kekensa mai nauyi, da shi nake zuwa wurin manoma a Mahuta da Kanya, wani lokaci har Dirin Daji. Daga baya na samu keken tsere na hannu a Kontagora, na yi ta gyara shi kaɗan-kaɗan. Na canza sirdi. Na ƙara masa giya daga biyar zuwa bakwai. Na sa mai walda a kasuwar Zuru ya yi mini maƙalin gorar ruwa. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a garinmu shi ya fara ba ni labarin wata gasa da ake kira duwatalon: a yi gudu da ƙafa, a hau keke, a sauka a sake gudu. Tun ranar abin ya shiga raina. Duk Asabar sai na hau dutse da gudu, na tuƙa zuwa Mahuta na dawo, na jingine keken na sake gudu har bayan gari. Mutane suna cewa malamin gona ya fara taɓuwa, ga keke lafiyayye ya ajiye yana gudu. Shekara uku ina wannan, ban taɓa tsayawa a layi da wani ba, domin babu inda ake yin gasar kusa da mu. Amma na san abin da ke cikin ƙafafuna.

Kwana ɗaya muka yi a tashar Yamai kafin motar Wagadugu ta cika. Mun tsallaka iyaka, rana ta take, saura tafiya mai ɗan dama mu isa Fadan Gurma, sai injin ya fara tururi. Fambel ya tsinke. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ya ce sai Allah ya kawo wata motar da za ta kai shi gari. Mun fi awa guda, manyan motoci biyu kawai suka wuce, ba su tsaya ba. Ruwan mutane ya fara ƙarewa. Na ce wa direban ya ba ni tsinkakken fambel ɗin.

"Ka yi me da shi?"

"In kawo maka sabo."

Ya dubi keken, ya dubi rana, ya girgiza kai, amma ya miƙo mini. Hanyar miƙaƙƙiya ce, babu tudu babu gangare, wanda ya saba da hawan Mahuta wannan ai hutu ne. Kafin la'asar na dawo da fambel a aljihu da jarkar ruwa ɗaure a bayana. Wata tsohuwa Bagurmiya da ke zaune kusa da ni tun Yamai, ba ta jin Hausa ni kuma ba na jin yarenta, ta kwance bakin zanenta ta fito da dafaffen ƙwan zabi guda huɗu. Ta ɓare su da kanta, ta barbaɗa yaji, ta riƙa miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗauke ido ba sai da ta ga na cinye. Har muka rabu a tasha ba mu yi wa juna kalma ɗaya ba.

Wagadugu garin kekuna ne. Mata da daron kaya a ka, ma'aikata da kwat, tsofaffi da tumaki ɗaure a baya, kowa a kan keke. Makarantarmu tana bayan gari. Darasi da Faransanci ake yi, wani tafinta yana juya mana mu 'yan Najeriya da Gana, rabin maganar tana zubewa a hanya. Tuwonsu yana da tsami, miyar ba irin tamu ba. Abin da ya fi damuna shi ne baki. Hausa ina samun mai jinta a kasuwa, amma C'lela, harshen da uwata ta yi mini magana da shi, sai ranar Asabar in na je shagon buga waya na kira gidan maƙwabcinmu aka nemo mini Saratu. Minti kaɗan ne, rabi gaisuwa, rabi "kina ji na?" Sauran kwanakin in na fita da keke ni kaɗai nakan yi ta magana da kaina da C'lela, don kada harshena ya yi tsatsa. Lokacin yankan dawa ya zo ya wuce ina can ina auna danshin albasa.

Wata Lahadi da sassafe, kafin lokacin coci, ina kan hanyar Kudugu sai na ji wata ƙara a bayana kamar ta taron ƙudan zuma. Kafin in waiwaya mutum wajen ashirin sun wuce ni a jere, taya na bin taya, wani tsoho a kan ƙaramin babur yana biye da su yana busa usur. Na duƙa na bi su. Na kama wutsiyar layin, na riƙe kamar minti goma, sai ƙirjina ya fara zafi. Suka yi nisa, suka ƙanƙance, suka ɓace. Ni da ba a taɓa wuce ni a hanyar Mahuta ba. Na dawo ina juya abin a raina, kuma kafin in isa makaranta na yanke hukunci: laifin keken ne, ƙarfensa ya yi nauyi.

A kasuwar kekuna na haɗu da Nasiru. Ina tambayar wani kaya da guntun Faransancina, sai na ji an ce, "Kai, wanga bakin na gida ne! Ina ka hito?"

"Zuru."

"Zuru! Ai mu ɗaya muke. Ni ƙasar Kabi anka haihe ni. Zo zauna, ɗan'uwa, ba ka tsayawa rana ina nan."

Ya sa aka kawo shayi. Ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya ambaci garuruwan da motar Zuru ke bi ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu rabona da wanda ya san inda na fito, zuciyata ta saki. Da na gaya masa damuwata, ya shiga ciki ya fito da wani firam shuɗi, wato gangar jikin keke ba taya ba kai, fentinsa na sheƙi. Na alminiyom ne. Ya ɗora mini a kan yatsu biyu.

"Ka ji? Kamar kara. Wani Bature ya bar shi. Da wani ne ba ni ko hiddo shi, amma kai na gida ne."

Muka yi musaya: na ba shi tsohon firam ɗina na ƙarfe, na yi masa ciko. A gabana aka kwance giyata da sirdina da tayoyina aka mayar a kan sabon. Na hau na koma makaranta ina jin kamar an cire mini dutse daga ƙafa.

Kwana tara ya yi mini. A hanyar Kudugu ɗin nan dai, ina cikin gudu, na taka wani wuri da kwalta ta fashe. Na ji ƙas, kan keken ya tafi gabas, sauran ya tafi da ni yamma. Da na dawo hayyacina ina kwance a gefen titi, fatar kafaɗa da ta cinya sun tafi, haƙorina na gaba ya gutsure, wuyan hannun hagu ya kumbura. Wani mai amalanken jaki da ke kai itace gari shi ya tsaya. Ya sauke rabin itacensa a bakin hanya, ya kwantar da ni a kan sauran, ya tattara keken gida biyu ya ɗora, ya kai ni wani ƙaramin asibiti. Ya tafi kafin a gama wanke mini ciwon.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ta bakin tafinta ya ce albasa aka turo ni in koya, kuma in ya sake jin sunana a wata fitina, ko ta hanya ko ta gari, zai rubuta takarda a mayar da ni gida. Na san abin da wannan ke nufi. Mutum nawa suka nemi kwas ɗin nan a ofishinmu aka ba ni.

Duk da haka, da hannuna ya ɗan saɓe, na ɗauki karyayyen firam na nufi wurin Nasiru. Yana ganina ya gyara zama.

"Subhanallahi! Me ya same ka, ɗan'uwa?"

Na ajiye masa a gaba. "Abin da ka ba ni ke nan. Mayar mini da nawa."

"Naka? Ai tun ranar anka saye shi." Ya taɓa karayar da ƙafa. "Ƙarfe ba shi da alkawari. Lafiya lau ka bar nan da shi, kowa ya gani. Wa ya san ramin da ka faɗa?"

Na fi shi tsawo, na fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a garinmu kokawa ba baƙuwa ba ce. Hannuna na dama ya riga ya dunƙule. Mutane sun fara taruwa. Na tuna ofishin shugaba, na tuna yadda zan shiga gida wurin Saratu da jaka ba takardar kammalawa. Na sunkuya na ɗauki firam ɗin, na juya. Ban yi taku ashirin ba na ji murya daga gindin wata dalbejiya.

"Ɗan Najeriya. Kawo in gani."

Tsoho ne siriri, da farin gemu kaɗan, yana zaune a kan benci da taya tsakanin gwiwoyinsa yana ɗaure mata wayoyi. Hausarsa ta zangon Kumasi ce, can ya yi ƙuruciyarsa. Sunansa Baba Tinga. Ya karɓi firam ɗin, ya fito da wuƙa, ya kankare fentin kusa da karayar. Wani farin abu kamar alli ya zubo.

"Ka gani? Tsohuwar tsaga ce. An cike ta da abin da masu gyaran mota ke cike lotsawa, an shafe da fenti. Allah ya so ka, da a gangare ne da yanzu ana neman danginka." Ya ajiye wuƙar. "Kai ne ka bi mu wata Lahadi a hanyar Kudugu, da jar riga."

Sai a lokacin na gane shi. Shi ne mai usur a kan babur.

"Ni ne, Baba. Keken ne ya yi nauyi."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Keken ba shi da laifi. Kai ne ka sa babbar giya kana nika kamar mai tura mota, ka bar tazarar mutum uku tsakaninka da na gabanka, iska tana cin ka. Da haka ka riƙe yarana minti goma. Na ce a raina, wannan da zai samu mai gaya masa gaskiya, da an sha wuya da shi. Wa ya koya maka?"

"Ba kowa."

"Ya nuna."

Ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya ce in biyo shi. Gidansa ba nisa. A cikin wani ɗakin ajiya ya taka kujera ya sauko da wani abu naɗe cikin buhu daga jikin azara. Firam ne kore, na ƙarfe, fentin ya koɗe, amma babu tsatsa ko ɗigo. Da shi ya yi tsere yana saurayi, ya zagaya garuruwan ƙasarsu da shi, har gwiwa ta hana shi.

"Aro ne," in ji shi. "Ranar da za ka tafi ka dawo mini da shi. Sharaɗina ɗaya: ƙarfe biyar da rabi na safe kana bakin hanya, Talata da Alhamis da Lahadi. Ka makara sau ɗaya, na karɓe abina."

Kwana uku muka yi muna haɗa shi da yamma bayan na tashi darasi. Giyata da sirdina da tayar baya sun tsira, tayar gaba ta lanƙwashe, ya ba ni wata. Ya sa zare ya auna tsawon ƙafata, ya ɗaga sirdin da faɗin yatsa biyu, ya sauke kan keken. Ya cire sarƙata ya nuna mini yadda ta miƙe ta cinye haƙoran giya, ya sa sabuwa. Da na ɗaga keken na ji ya fi na Nasiru nauyi sosai. Da na hau kuwa, sai na ji kamar tela ne ya auna ni ya ɗinka shi.

Ban makara ba ko sau ɗaya. Na koyi manne wa tayar na gabana har ba a iya zura tafin hannu tsakaninmu. Na koyi sa ƙaramar giya ina juya ƙafa da sauri. Na koyi shan ruwa tun ƙishi bai zo ba. Gwanin cikin yaran Baba Tinga Sayuba ne, mai raba wasiƙu, wanda ke yini a kan keke. Da farko yana kirana "Albasa", in na zo gaba in ja layi sai ya riƙa hamma da ƙarfi. Bayan wata guda ya daina hammar.

Ranar wata Alhamis Baba Tinga ya zo da takarda. Wata ƙungiyar wasanni a garin za ta shirya duwatalon, karo na farko da yaransa za su shiga: gudu kilomita goma, keke arba'in, gudu biyar. Yaran suka yi tsaki, suka ce su mahaya ne, gudu na ɓarayi ne. Ni kuwa murna ta kama ni.

"Baba, wannan nawa ne. Shekara uku ina jiran sa."

Sayuba ya ce wani abu da yarensu, aka yi dariya. Baba ya juya mini: "Ya ce albasa ba ta gudu, mirginawa take."

"Gaya masa mu sauka yanzu, mu je wancan tankin ruwa mu dawo."

Mun riga mun yi tafiya mai nisa a kan keke a safiyar. Muka jingine, muka zura. Wanda bai saba ba, in ya sauka daga keke ya ce zai yi gudu, ƙafafunsa sukan zama kamar taɓare. Na je tankin na dawo, na sha ruwa, na zauna a kan kwalbati kafin Sayuba ya iso yana dafe da cinya. Tun daga ranar aka raba aiki: a kan keke su ne malamaina, in an sauka ni ne nasu. Na nuna musu yadda ake taƙaita taku a farkon gudu na biyu har jini ya dawo ƙafa. Baba ya sa muka yi ta maimaita sauya takalmi da ɗaukar keke har ya zama ba sai mun duba ba. Na je wurin shugaban makaranta da kaina na nemi izini. Ya duba sakamakon jarrabawata, ya ga ba ni da baya, ya ce in je amma in dawo da haƙorana da suka rage.

Ranar gasar mun kai mutum sittin a layi, har da sojoji da Turawa masu aiki a garin, wasu da kekunan da ban taɓa ganin irinsu ba. Ban ji tsoro ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa tawa ta daɗe da fafuwa.

Aka busa. A gudun farko na bar masu zafin kai suka yi gaba, na bi su a hankali ina tsince su ɗaya-ɗaya. Wani matashin soja ne kaɗai ya riga ni isa wurin kekuna. Na hau, na kama shi, muka tafi tare. A zagaye na biyu Sayuba ya iso mu da wani dogon Bature a bayansa, ya wuce yana yi mini alama da hannu in shigo layi. Muka zama huɗu, kowa ya ja na ɗan lokaci ya koma baya. A dawowa iska tana bugun fuska, wuyan hannuna na hagu ya fara zogi har ba na iya riƙe kan keken da kyau. Saura kaɗan a gama Sayuba ya miƙe tsaye a kan feda ya fizga, sojan da Baturen suka bi shi. Na yi niyyar bi, sai na ji usur a gefena.

"Bar su!" Baba Tinga ne a kan baburinsa. "Ƙaramar giya! Ajiye ƙafarka, akwai gudu!"

Na bar su. Na sauka ina na huɗu, suna gabana da tazarar da ido ke iya gani. Ƙafafuna suka yi nauyin da na sani, irin na kowace Asabar, na gaishe shi kamar tsohon maƙwabci. Na taƙaita taku, na jira. Bayan kilomita ɗaya jiki ya sake. Baturen na fara wucewa, yana numfashi kamar zugazugi. A wurin juyawa na iso Sayuba. Yana gudu yana jan ƙafar dama, fuskarsa a murtuke. Da na zo daidai da shi ya buga mini bayana da tafin hannu, ya yi ihu da 'yar Hausar da ya koya a wurina:

"Tafi, Albasa! Kama soja!"

Na bi sojan. Na rage tazarar har ina jin ƙarar takalminsa, har ina ganin gumi na bin ƙeyarsa. Ya waiwayo sau ɗaya, ya ga tsohon da ya kusa haifarsa, ya ƙara wuta. Ni ma na ba da duk abin da ya rage. Ya riga ni taka layi da kamar taku goma. Na zo na biyu. Na durƙusa na dafa ƙasa, ina dariya ina neman numfashi, sojan ya dawo ya ɗaga ni, ya tambayi shekaruna ta bakin Baba. Da aka gaya masa sai ya ƙame ya sara mini.

Kyautata tayoyi biyu ne sababbi, da wilinsu, marasa nauyi. A ranar na ɗaura su a kan koren keken.

Kwas ya ƙare, na karɓi takardata. Ana gobe zan tafi na wanke keken, na sa wa sarƙa mai, na tura shi har gindin dalbejiya. Na yi niyyar in bar masa shi yadda yake, da giyata da sirdina da sababbin tayoyin, domin ban ga abin da zan kwance daga jikinsa in ce nawa ne ba.

"Baba, ga amanarka. Allah ya saka da alheri."

Ya tashi, ya zagaya keken, ya juya tayar gaba ya saurari ƙararta. Sai ya naɗe ƙafar wandonsa. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa, wani ya ce shekara nawa rabon da a ga Baba a kan keken tsere. Na riƙe masa ya hau. Ya yi tangaɗi sau biyu, ya daidaita, ya duƙa, sai ga bayansa ya miƙe kamar na saurayi. Ya bi layin kasuwar har ƙarshe, mutane suna tafi suna kiran sunansa, ya sha kwana ya ɓace. Muka jira. Can sai ga shi ya dawo a hankali, gumi ya jiƙa masa riga. Na tare shi ya sauka, ya zauna a benci yana murza gwiwa, idanunsa sun yi ja.

Da numfashinsa ya dawo ya tura mini keken da ƙafa.

"Sirdin ya yi mini tsawo," in ji shi. "Ƙafata ba ta kai ba."

"Sai in sauke maka, Baba. Ba ni sifana."

Ya ɗora hannu a kan akwatin kayan aikin, ya danne murfin.

"Ni na auna shi da zare, ba mai taɓa mini aiki. Ɗauki kekenka, Ishaya. Mota ba ta jira."